Katin da Ka Bari Babu Sa Hannu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka.

Baba, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Kana raye ban taɓa yi maka doguwar magana ba, daga "to" sai "na'am", ga shi yau zan cika maka takarda. Ka kuma yi haƙuri idan Hausata ta karkace a wani wuri. Shekara shida a Greensboro, nan ƙasar Turawa, sun ɗan rage mata ƙarfi, ko da yake ina ƙoƙarin riƙe abin da na zo da shi daga Gusau.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Mama ta fita takaba, ta koma aikinta a gidan kula da tsofaffi. Safiya ta shiga aji huɗu, har yanzu da Turanci take amsa kowace magana. Motarka tana nan ƙofar gida a McLeansville, gefen Greensboro, ganye ya fara zuba a kanta. Idan bas ɗin makaranta ta sauke ni, nakan tarar da gidan shiru, in zauna a kicin in yi aikin gida har Mama ta dawo.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi, kuma saboda shi na rubuto. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba. "Ke" kake ce mini, in kana magana da Mama kuma ka ce "yarinyar nan". Ranar da muka sauka a filin jirgi, ina 'yar shekara goma, ka dafa kaina sau ɗaya ka juya wajen akwatuna. Safiya kuwa ka ɗaga ta sama kana kiran sunanta. Mama ta sha gaya mini cewa ni ce ta fari, kuma a gidanku ba a kama sunan ɗan fari, Kaka ma har ta rasu ba ta kama sunan Baffa, ɗanta na fari, ba. Na fahimci bayanin. Amma da na ga iyayen ƙawayena suna ƙwala musu kira a wurin ajiye motoci na makaranta, sai in dawo gida ina tunanin wataƙila kunyar ta zo maka daidai ne kawai, don ba ka san ni ba, ba ka kuma damu ka sani ba.

Wuri ɗaya muke zama kafaɗa da kafaɗa, wato filin besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, na tsakiyar gari, ranar Lahadi da rana.

Abokanka na masallaci suna yi maka tsiya a kan wannan wasa. Su ƙwallon ƙafa suka sani. Anti Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, takan ce ita ba ta gane wasan da ƙarti tara za su tsaya a rana suna tauna cingam ba. Kai sai ka yi murmushi. Na ji kana gaya wa wani cewa a rediyon tasi ka koyi Turanci lokacin da ka zo, domin masu sharhin besbol ba sa sauri.

Ni kuma na ɗauka kana tafiya da ni ne don babu wanda zai bi ka. Safiya tana gajiya, Mama tana aiki.

Ina tuna kujerunmu biyu a bayan ragar da ke kare 'yan kallo. Kakan sayi gyaɗa ka ce ba ta kai ta gida ba, amma ka cinye. Idan mai bugu ya kai wa ƙwallo sanda ya kuskure har sau uku aka fitar da shi, ina jin mutane suna tsaki, kai kuma sai ka ce, idonka na kan fili: "A wasan nan gwani ma kuskurensa ya fi dacensa yawa. Gobe zai sake fitowa." Ban san ko da ni kake ba, ko da kanka. Wanda ka fi so shi ne mai cafe ƙwallo, wanda ke tsugune bayan mai bugu da ƙarfe a fuska. Ka ce shi ya fi kowa aiki kuma ba a cika tafa masa ba.

Kullum mukan zo da wuri. Sai ka ce, "Ki zauna nan ki riƙe mana wuri," ka sauka bakin shingen da 'yan wasa ke wucewa, da katunanka masu hoton 'yan wasan da shuɗin alƙalaminka mai kaurin baki, ka tsaya cikin yara da tsofaffin Turawa kana jiran a sa maka hannu. Daga nesa nakan hango hularka. Ba ka taɓa nuna mini katunan ba. Suna shiga albam, albam ɗin yana hawa saman kabad.

Da Mama take haɗa kayanka don sadaka, ta sauko da shi ta ɗora mini a cinya. Sai da aka yi hutun bazara na iya buɗewa.

Baba, sunana ne a kan kowane kati. A saman kowane sa hannu an rubuta da Turanci cewa na Rukayya ne, da hannuwa daban-daban, wani a karkace, wani da kyau. Na yi ta juya shafi zuwa baya, har na kai katunan shekarun da ina Gusau, ina firamare, ina jin muryarka a waya sau ɗaya a mako kana tambayar Mama ko "yarinyar nan" tana karatu. A can ma sunana ne.

Na rasa yadda aka yi suka san shi, tunda ba ka faɗa. A aljihun bangon albam na sami amsar: 'yar takarda da aka naɗe da salatif don kada ta yage, gefenta ya yi baƙi saboda riƙo, da rubutunka cikin manyan baƙaƙe, RUKAYYA.

Na zauna da ita a hannu har Safiya ta leƙo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

A shafin ƙarshe akwai kati ɗaya da babu sa hannu, na mai cafe ƙwallon nan da ya ji rauni bara bai ƙarasa kakar wasan ba. Bana ya dawo. Na ga bai kamata albam ɗinka ya tsaya da rami ba. Na roƙi Anti Ramatu ta kai ni. Ta ce za ta kai ni albarkacinka, amma kada in sa ran za ta kalli wasan, gyaɗa za ta ci.

Lahadin farko na kasa. Na sauka bakin shingen, yara suna ta ƙwala wa 'yan wasa kira da gundarin sunansu, manyan mutane masu gemu. Bakina ya ƙi. Da mai cafe ƙwallon ya zo wucewa na ɗan rusuna na gaishe shi, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya wuce. Na koma kujera da katin yadda na zo da shi, ban gane komai a wasan ranar ba.

Lahadi ɗaya ta rage a kakar bana, kuma ka sani 'yan wasan ƙungiyar garinmu ba sa daɗewa, wanda ya yi kyau a ɗauke shi zuwa babbar ƙungiya, wanda bai yi ba a sallame shi. In na rasa shi, shi ke nan.

Na koma. Wannan karon na tafi da albam ɗin gaba ɗaya, na rungume shi a ƙirji. Wata tsohuwar Baturiya mai kujerar ninki, wadda na sha hangowa kusa da kai, ta kalli albam ɗin ta kalle ni, ta tambaya ina mai shi. Na gaya mata ka rasu. Sai ta faɗi sunana daidai, ba tare da na gaya mata ba. Ta ce shekaru tana ganin kana ɗaga takardar nan, da farko tare da wani ƙaramin hotona, daga baya kuma sai ka riƙa nuna musu inda nake zaune. Ta karɓi katin ta shafa masa hoda ta goge, ta ce haka kake yi don tawada ta kama, in ba haka ba santsin katin yakan ɓata rubutun.

Ita ta kira mini shi. Ya zo da sauri, kayan kariya a ƙafafunsa, ya karɓi alƙalamin ya tambaye ni sunan wa zai sa.

Na riga na yanke shawara tun a gida cewa wannan naka ne. Amma da na buɗe baki sai na tuna ni ma ban taɓa faɗin sunanka ba, kuma ba zan fara a gaban mutane ba. Na ciro takardarka, na juya bayanta, na rubuta sunanka a kan salatif ɗin da manyan baƙaƙe, na ɗaga masa. Ya kwafa harafi bayan harafi. Ya tambaya ko mahaifina ne, na gyaɗa kai. Ya tambaya ko kana nan.

Ka yafe mini, Baba. Na nuna masa kujerunmu. Ya ɗaga hularsa wajen, Anti Ramatu da ke zaune a tawa ta ɗaga masa ledar gyaɗa. Taka babu kowa.

Tawadar ta bushe ba ta ɓaci ba. Katin yana shafin ƙarshe, takardar ta koma aljihunta, sunana a gaba, naka a baya. An rufe filin sai watan Afrilu, kuma ban san yadda zan yi da Lahadi ba kafin nan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya yafe maka, Ya yafe mini zaton da na yi maka, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Na san na yi surutu fiye da yadda ka saba ji daga gare ni. Idan bai yi maka yawa ba, ina neman izininka in sake rubuto maka.

'Yarka ta fari,
RUKAYYA