Ku Sauke Hanyarmu Daga Aji Na Biyu

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da hanyoyin lardinmu. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Malikanchi, a ƙasar Ikara.

Na farko. Tun kakanninmu mu ke gyaran kadarkon rafinmu da kanmu. Kafin damina sai a kira gayya, a sari giginya, a shimfiɗa, a zuba marmara. Maƙabartarmu tana ƙetaren rafin, ta kan kadarkon muke kai mamatanmu.

Na biyu. Bayan samun mulkin kai aka yi dokar da ta raba hanyoyi aji-aji. Da yake motocin auduga kan ratsa ta nan zuwa Makarfi, aka sa tamu a aji na biyu, wai ta zama ta gwamnati. Wallahi har kiɗa muka yi, don rashin sani!

Na uku. Bara ruwa ya ci kadarkon. Muka fito gayya, 'yan doka suka kore mu, wai talaka ba ya taɓa hanyar gwamnati. En'e ta ce hanyar ba ta ajinta ba ce. Leburorin gwamnati kuwa, ko ƙeyarsu ba mu gani ba. Na je Ikara, na je Kudan, ko'ina sai a ce in dakata.

Na huɗu. A tsakiyar damina Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa. Muka tsaya bakin rafi da makara a kafaɗa, ruwa na ambaliya, muka juyo da ita. A bayan gida muka binne ta, cikin taɓo. Har gobe abin yana ci mini rai.

Yanzu mahaifina ne a kwance, ga hadari ya soma haɗuwa. Kowace safiya sai ya tambaye ni ko an gyara kadarkon.

Ban roƙi kwalta ba, ban roƙi siminti ba. Ku dubi Allah ku cire mu daga ajin nan, ku bar mu da gayyarmu. Gaskiya na fid da rai da amsa, giginyar da muka sara ma gara ta cinye ta.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ranar da za a ɗauke ka a sami hanya.

Wassalam.
Tanimu ɗan Malam Barau