Fankar da ka zaɓo wa Inna

Yaya, na tafi aiki, ban tashe ka ba. Fankar cajin da ka sayo wa Inna jiya awa uku ta yi ta mutu, ga zazzaɓinta bai sauka ba.

Ka ga an rubuta girman batiri 10,000mAh a jikinta, ka ce ta fi mai 4,500. Ba lambar kaɗai ake dubawa ba, sai an ninka ta da volt, wato ƙarfin wutar batirin. Taka 3.7 ce, waccan 12, don haka waccan ta fi riƙe wuta. Na faɗa maka a shago, ka ce in yi shiru.

Don Allah ka je ka canjo. Kafin nan, mafici na kan gadonta. Hannuna ya sage, yau fifitar taka ce.