Kayan Ɗinkin Mutanen Ƙetaren Gada

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma nan sai godiya. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya koma yi wa kowa faɗa.

Kin ce in sa Inna a mota kafin ƙarshen wata, ta baro garin nan da fitinarsa. To, ki zauna tukuna ki ji. Kin san shekara biyu ke nan ba mai tsallaka gada, tun ranar da aka kashe mana Auta. Kwamitin sulhun da nake wa sakatare ya zauna sau bakwai, manyan riguna da dogon jawabi, a watse ba a ƙulla komai ba. Mata kuwa ruwan sha kawai ake sa su kawowa.

Ashe duk tsawon lokacin nan akwai kayan mutanen ƙetare a shagon Inna, waɗanda ta ɗinka kafin rikici, a ninke cikin akwatin ƙarfen da ke bayan keken ɗinkinta. Ran Talata da hantsi sai ga ta da ƙunshi a ka, wai za ta kai wa masu su. Na yi magiya, na ce zan kira ki, ta ce in ba ta hanya. Haka na bi ta a baya, ni ƙaton banza.

Samarin da ke gadin wancan gefen suka ɗaga bindiga. Wallahi ni har na fara kalmar shahada. Ita kuwa ta sauke ƙunshin a tsakiyar gada, ta kwance, ta shiga ɗaga kaya tana kiran sunan mai kowanne. Wani dogo ya gane zanen yayarsa. A hankali ya sauke bindigar, ya shige gaba yana nuna mana gidaje.

Gida-gida muka bi har la'asar. Rigunan yara duk sun yi musu kaɗan, ana dariya ana share hawaye. Ta ƙarshe wata farar riga ce ta namiji. Uwarsa, mai sayar da itace, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi miƙo hannu, ta ce mai rigar ya mutu, kuma mutanenmu ne suka kashe shi. Inna ta dube ta, ta ce, "Na sani. Rana ɗaya suka tafi da nawa. Tasa rigar ma tana nan, na kasa sa mata maɓalli." Matar ta karɓa ta rungume, suka zauna kan tabarma ɗaya.

Washegari sai ga matar a shago da jikanyarta marainiya, wai a rage mata rigar uban. Mata goma sha ɗaya suka biyo ta. Wa zai tare uwarsa a gada? Yanzu namu na zuwa asibitin can, nasu na cin kasuwar nan. Jiya shugaban kwamiti ya zo da kansa, ya durƙusa, ya roƙi Inna da mai itacen su zauna taro na takwas, a teburin manya.

Yaya, shekara arba'in ina kallon matar nan da allura a baki, ashe ban san ta ba. Har tsoronta nake ji. Na karanta mata saƙonki, ta ce ta gode, amma ɗinki ya yi mata yawa, in kina son taimaka mata ki aiko da allurar keke da farin zare. Ki yi haƙuri, ni ba zan sa ta a mota ba. Yau da safe na tarar da ita tana sa wa rigar Auta maɓalli.

Ki gaida maigidan, da uwar ɗakina mai sunan Inna, da 'yan biyu. Kawu da Goggo suna gaishe ki.

Naki ƙane har kullum,
Malamin gida