Fitilar da Baba Ya Gyara

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma dafa maka a wurin aiki. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwa kamar yadda ka bar ta, yara sun koma makaranta. Baba kuwa jikinsa garau, yana ci yana barci, ciwon mantuwar ne dai kullum gaba yake yi. A kansa na zauna rubutun nan, don ranar da ka bugo waya faɗa kawai ka yi, ko numfashi ba ka bar ni na ja ba.

Ka ce mun yi sakaci da fitilar da ka aiko. To, bari ka ji. Da ta iso ban kunna ta ba sai da na kai wa likitan Baba. Ya ce ya san irinta, haske mai ƙiftawa ne haɗe da ƙara, ana sa ran su motsa ƙwaƙwalwa, amma har yanzu bincike ake yi, ba zai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce in gwada, in Baba ya takura in daina. Kowace safiya, bayan na yi masa wanka na canja zanin gado, sai in saki labule, in zaunar da shi a kujerarsa, in kunna. Fitila ta yi ta ƙif-ƙif, lasifikarta ta yi ta kuka kamar gyare, shi kuma ya ɗaure fuska yana harararta. Ni da kai duk mun manta abu guda: mutumin nan a gyaran wutar lantarki ya ƙarar da ƙuruciyarsa. A wurinsa fitila mai ƙiftawa ba magani ba ce, lalatacciya ce. Kullum sai ya ce waya ce ta saki, wai wane sakarai ne ya yi wannan aikin.

Ranar da abin ya faru na fita shanya ne. Ina dawowa na tarar ya janyo tsohuwar jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya zare filogi, ya kwance bayan fitilar da sukudireba, ya jera ƙusoshin a cikin faranti yadda ya saba. Hannun da cokali ke gagara, ranar ko rawa bai yi ba. Na buɗe baki zan hana shi, wallahi na kasa. Na manta rabon da in ga Baba da wannan fuskar. Yana tsakiyar aikin ya miƙo hannu bai waiwayo ba, ya ce Injiniya ya haska masa tocila. Ka dai san wanda yake kira da haka tun kana ɗan mitsitsi kana bin sa da filaya. Ni na riƙe masa tocilar. Ya yanke nan, ya haɗa can, ya naɗe da tef, ya kunna, fitila ta kama tar, ba ƙiftawa ba kuka. Sannan ya ɗago ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, ya ce in na fita in turo masa yaronsa.

Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka, har yau ma ina ji. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke bin sa lungu-lungu in ya fice, amma ni ce baƙuwa. Kai da kake aiko kwali da takardar bayani, kai yake nema. Sai ga shi kana yi mini tsawa a kan na'ura, ko tambayar yadda na kwana ba ka yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ƙanena.

Ka ce za ka aiko wata. Kada ka wahalar da kanka, ita ma gyara ta zai yi. Ban ce fitilar ba ta da amfani ba, wataƙila ta yi wa uban wani amfani. Namu dai sunana ya riga ya fita daga kansa, na Inna yana zuwa yana tafiya, naka ne ya rage, likita kuma bai san zuwa yaushe ba. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi hutu ka zo ya gan ka tun yana gane ka.

Inna tana sa maka albarka, Goggo da Kawu da maigidana suna gaishe ka. Ka gaida mini amaryarmu, ka shafa mini kan yara. Jiya ma Baba ya tambaya ko ka taso daga makaranta, na ce masa kana hanya. Don Allah kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Yayarka