Hannun Yaya a Cikin Kwamfuta

Litinin, 6 ga Oktoba

Ina kunna kwamfuta saƙon nan ya sake fitowa. Wai an fito da sabuwar manhaja, tsohuwar za ta daina aiki ƙarshen wata. Na danna "a tuna mini gobe" kamar kullum. Ni da goben nan mun zama ƙawaye.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya huta. Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, shi ya koya wa kwamfutar shagon nan aikin sitikar biredi. Irin manhajar nan ce da mutum zai yi aiki sau ɗaya tana kallo, daga nan ta riƙa maimaitawa da kanta. Kullum da safe sai ta buɗe saƙon gidan biredi, ta canza kwanan wata a jikin sitika, ta tura wa firinta. Ni nawa in zuba takarda in yanka. Gidan biredin nan su ke riƙe da shagon, sauran duk masu fotokwafi ne da 'yan katin biki jefi-jefi.

Abin da ban gaya wa kowa ba: ba aikin kaɗai ta ɗauka ba, har da tafiyar hannunsa. 'Yar kibiyar nan ta allo tana tafiya daidai yadda ya ja ta ranar. Ta yi hagu, ta tsaya, ta ɗan kewaya kamar mai neman takalminsa a bakin ƙofa, sannan ta danna. Hannun dama ne. Wanda yanzu yake ajiye a cinyarsa, sai Anti, matarsa, ta ɗaga masa.

Kullum sai na zauna na kalla. Shayina har ya huce.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ashe masu manhajar suna turo shawarwari duk mako a imel ɗin Yaya. Na zauna da ɗan Turancina na bi su. Wai a ajiye kwafi kafin a sabunta. Wai a sa ɗan jira tsakanin mataki da mataki, kada manhaja ta riga allo buɗewa. Wai a ba kowane aiki sunan da za a gane. A nan na yi dariya ni kaɗai, don Yaya ya sa wa nasa "biredi sabo na ƙarshe wallahi".

Sai na zo kan labarin sabuwar. Suna ta alfahari wai ta daina bin yawon linzami, abin nan da ake jan kibiya da shi, kai tsaye take zuwa ta danna. Tsofaffin ayyuka kuma da an sabunta za ta share musu duk wani motsin banza.

Motsin banza. Haushi ya kama ni. Wa ya tambaye su?

Juma'a, 10 ga Oktoba

A tuna mini gobe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je gidan Yaya. Magana na dawowa kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya sai ya huta. Ya ce, "Shago?" Na ce lafiya lau, kujerarka na nan tana jiranka. Anti ta kalle ni ta gefen ido.

A kicin tana wanke kofuna ta ce, "Auta, likita ya ce ƙafar za ta dawo in an dage. Hannun kuwa, cewa ya yi a yi ta addu'a." Na ce mata likita ai ba Allah ba ne. Ta miƙo min kofi in goge. Na san na yi mata rashin kunya. Ita ke kwana da ciwon, ni ziyara nake zuwa.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau na ga tashin hankali.

Saƙon gidan biredi ya zo da ƙarin layi a sama, sai komai ya ɗan sauko ƙasa. Kibiya ta je inda ta saba, ta danna iska. Kwanan wata bai canza ba. Ni kuwa na shagala da kallon tafiyarta, ban duba abin da firinta ke amayarwa ba. Na yanka, na ɗaure, direbansu ya ɗauka.

Ba a jima ba sai ga mai biredi da kansa, da sitika manne a ɗan yatsa.

"Malama, biredin yau na toya, kin mayar min da shi na jiya."

Na ba shi haƙuri har bakina ya bushe. Na sake yi da hannu, gumi na bin bayana, yana tsaye a kaina yana duba agogo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Da zai fita ya ce, "Ni da yayanki mun daɗe, shi ya sa ban nufi wani shago ba yau. Amma ki duba abin nan don Allah."

"Yau" ɗin nan da ya ce shi ya tsaya min a rai. Kuma abin haushi, yana cikin shawarwarin da na karanta: tsohuwar wuri take haddacewa a allo, sabuwar kuwa sunan maɓalli take nema, ko ina ya koma.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na kira Injiniya, mai gyaran waya na shagon gefe. Ya duba ya ce, "Hajjaju, danna nan kawai za ki yi, me kike tsoro?" Na tambaye shi ko za a iya barin tsohuwar a gefe. Ya ce ina, sai ta gaisa da kamfaninsu ta intanet take tashi, ranar da suka rufe ƙofa shi ke nan.

Ban san lokacin da na gaya masa maganar hannun ba. Na ɗauka zai yi dariya. Ya sosa kai ya ce, "To ki ɗauka a bidiyo mana."

Sauƙin maganar ya ba ni haushi. Bidiyo ai abin da ya wuce ne. A cikin kwamfutar kuwa aiki yake yi, yau, yanzu, shi ke buga sitikar. Wannan ne ban iya faɗa masa ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na ɗauki bidiyon. Ya fito duk a karkace.

Talata, 21 ga Oktoba

Yanzu tsaye nake a kan firinta kullum, ina duba kwanan wata kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ko motar gidan biredi na ji ta tsaya sai na sake duba sitikar. Saƙon sabuntawar ma ya canza launi, ya koma ja.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na nuna wa Yaya bidiyon. Na shirya wa kuka, har da hankici a jaka.

Ya ƙura ido. Da kibiyar ta zo wurin kewayen nan sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ashe dariya yake, da rabin baki. Ya nuna idonsa ya ce, "Tabarau." Anti ce ta fassara min: ranar ya manta tabaransa a gida, maɓallin yake lalube. Ya ce, "Na so... in sake. Kasala."

Wato wata da watanni ina zaune ina kallon mutum yana neman maɓalli.

Na ce to shi ke nan, zan lallaɓa tsohuwar, in ka dawo sai ka sake da kanka. Dariyar ta ɗauke. Ya kamo hannuna na dama da hagunsa, ya ɗora a kan hannun kujera, ya danna min ɗan yatsa ƙasa kamar yadda ake danna linzami.

"Ke," ya ce.

Na ce, "Haba Yaya, ai za ka..."

"Auta." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Kar ki... mai da ni wawa."

Anti ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ban iya tashi ba, don bai saki hannun ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Bayan la'asar na ja ƙofar shago rabi. Na ajiye kwafi kamar yadda suka ce, ko da yake babu abin da zai ƙara buɗe shi yadda yake. Na bar kibiyar ta yi tafiyarta sau ɗaya. Sannan na danna "sabunta".

Wani koren layi ya cika, shi ke nan. Ko ƙara ba ta yi ba.

Ban yarda ta gyara nasa ba. Sabon aiki na buɗe, na koya mata da kaina. Na ɓata, na goge, na sake. Na sa ɗan jiran da suka ce. Na ƙara mata abin da ba ya cikin na Yaya: in kwanan sitika bai yi daidai da na yau ba, ta tsaya ta tambaye ni.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ta yi. Kibiya ta yi tsalle nan, ta yi tsalle can, kafin in zuba sukari a shayi firinta ta fara. Babu abin kallo. Na shiga bayan kantar shagon na yi kukana, na wanke fuska, na yanka sitika.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ba labari. Sitika na fita daidai, mai biredi ya ɗago min hannu daga mota.

Wani mutum ya shigo da rana, mai sabon shagon lemo ne, yana son a riƙa buga masa irin na gidan biredi. Ya leƙa ciki ya ce, "Ina mai shagon?" Na ce, "Ni ce." Bakina ne ya riga ni, ba wani abu ba.

Takarda ta kusa ƙarewa. Ta wurin mutumin da Yaya ke saye tana yawan maƙalewa a firinta, gobe zan gwada wani.