Kwanon da Ka Aiko wa Baba

Debre Markos, cikin babban azumi

Zuwa ga ƙanena Zelalem,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hirut da yara, kuma sanyin Kanada bai gama da ƙasusuwanku ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a neman da kuke yi, ya nuna mana Ista lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Asmamaw yana nan yana fama da 'yan makarantarsa. Gwaggo Tiruwork tun rasuwar Mama ba ta koma ƙauye ba, ta ce sai an yi addu'ar cikar shekara. Gwiwa na damunta, amma bakinta ba abin da ya same shi. An fara ɗan yayyafi, itacen lemon da Mama ta dasa a bayan madafa ya yi fure.

Na zaɓi in rubuta ne don duk ranar da ka kira Baba yana gefena, kuma kunnen nan da yake cewa ya mutu sai ya farfaɗo. Ka yi ta tambayata labarin kwanon da ka aiko, ina ce maka lafiya lau. To ga cikakken labarin, ka karanta a zaune.

Ka san yadda muka shiga azumin nan. Ciwon sugan Baba ya tashi, ga rauni a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa, ga rama har wandonsa na zamewa. Firist ɗinmu ya sauke masa jiran la'asar saboda magani, ya karɓa da ƙyar yana gunaguni. Amma nama da madara da ƙwai da man shanu, ya ce ko a mafarki. Bara Mama ta rasu azumi bai kai ƙarshe ba, shi kuma ya ƙudura a ransa zai kai wannan har Ista, nasa da nata. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba shi, Sista Meseret, ba ta da wasa. Ta ce ta ba shi zuwa tsakiyar azumi. In ya ci gaba da ramewa, raunin bai fara kamewa ba, da ƙafarta za ta je wurin firist a umarce shi ya karya, don ba za ta zuba ido a yanke masa yatsa ba. Baba ya ji ta sarai, ya juya fuska bango.

Ana cikin haka kwanonka ya iso, shuɗi mai faɗi, da dogon bayaninka a waya kamar ni ban taɓa hura wuta ba. Rabin kwano ganye da kayan lambu, sauran rabin a raba tsakanin hatsi da wake, a yayyafa wani abu mai maiƙo a sama. Na ji haushin muryarka, amma maganar gaskiya ce, Sista Meseret ma abin da ta faɗa ke nan. Baba in an bar shi injera, gurasarmu mai faɗi, kawai yake yaga ya dangwali ruwan miya, ya bi da shayi, ya ce ya ƙoshi. Sai na dage. Nakan jiƙa sha'ir tun jiya, in dafa shi har ya yi laushi amma bai dame ba. Waken nakan dafa daban da albasa da tafarnuwa da citta, in bar shi ya yi kauri. Kabewa nakan yanka ƙanana in gasa a kasko har gefenta ya yi ja, don in an dafa ta a ruwa ba ta da daɗin komai. Ganyen kuwa ba na barinsa ya daɗe a wuta, yana risinawa nake saukewa. Abin da ke haɗa su duka shi ne riɗi, in soya shi sama-sama, in daka, in kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan yaji, in zuba a kai. Wata rana in sa alkama a madadin sha'ir, wata rana karas da kabeji a madadin kabewa. Ba yabon kai ba, ƙamshin har maƙwabta.

Ranar farko na jera komai a kwanon ya yi kyau kamar a hoto, na sa cokali, na ɗora masa a kan ɗan tebur kusa da kujerarsa. Su Gwaggo da Asmamaw suna zagaye da faranti kamar kullum. Baba ya dubi kwano, ya dubi faranti, ya tambaye ni a hankali ko likita ya gano masa wata cuta mai yaɗuwa ne aka ɓoye masa. Na ce a'a. Ya ce to wane laifi ya yi aka ware shi kamar ɗan kurkuku, shi da tun da aka yaye shi bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce a gaishe da Zelalem, a ce masa kwano ya yi kyau. Bai taɓa ko cokalin ba.

Washegari na matsar da kujerarsa cikin da'ira, kwanon a cinyarsa. Ka san ni ba na zama, ina ajiye abinci nake komawa madafa wajen gasa kofi. Da na dawo sai na tarar da kwano wayam, har an suɗe riɗin. Haka gobe, haka jibi. A lokacin ne na ce maka a waya an dace, kai kuma ka yi ta yi mini dariyar nasara. Da Sista Meseret ta zo ta ɗora shi a sikeli sai ga shi ya ƙara raguwa. Ta dube ni duban da ban ji daɗinsa ba, kamar ni nake cinye abincin.

Ashe ba ta yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba ni ba ce. Rannan na bar kofi a wuta na leƙo ta labule. Me zan gani? Baba ya yagi injera daga faranti, ya naɗe sha'ir da wake da kabewa, loma guda mai kyau, ya miƙa bakin Gwaggo. Ya naɗa wata ya miƙa bakin Asmamaw. Maƙwabcinmu da ya shigo gaisuwa shi ma ya samu rabonsa. Gursha, lomar ƙauna da ake sa wa mutum a baki, yake rabawa, Zelalem, da abincin maganinsa, yana sa wa kowa albarka, shi kuwa sai busasshiyar injera yake tauna. Dama na lura kumatun Asmamaw sun ciko a tsakiyar azumi, na ɗauka hankalinsa ne ya kwanta. Da na tsare shi a ɗaki sai ya ce in gaya masa yadda mutum zai rufe baki surukinsa ya miƙo hannu. Na ce to ai sai ya buɗe bakin ya gaya mini. Ya ce ai bakin a cike yake. Don takaici har na yi dariya. Gwaggo kuma ta ce ita wace ce da za ta ƙi hannun yayanta, kuma abincin ma ya yi daɗi, in ƙara yaji kaɗan.

Na gwada wata dabara, na zuba wa kowa nasa a kwano, na ɗauke farantin gaba ɗaya. Wannan ita ce mafi muni. Muka zauna kowa ya sunkuya a kan cinyarsa, ba ka jin komai sai ƙarar cokali, kamar ɗakin jiran asibiti. Gwaggo ta ce ita ba kaza ba ce da za a watsa mata tsaba a gefe. Baba ya ci abin da bai fi cokali biyu ba, ya ce a kai shi ya kwanta. Tsakiyar azumi kuwa tana ta matsowa, na fara shirya yadda zan gaya masa cewa ƙwai ya zama dole.

Abin da ya biyo baya ba hikima ba ce, fushi ne zalla. Na dawo da faranti, na cika kwanonka yadda ka ce, na zo na kife shi a gefen da Baba yake zama. Na bar kofi ya jira, na wanke hannu na zauna. Ina ganin ya fara naɗa loma zai nufi bakin Asmamaw, sai na ce a raina tunda abin na dole ne, ni ma na iya. Na yagi injera ƙarama, na cika ta da wake da ganye har tana tsagewa, na kai bakinsa. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dube ni, ya buɗe baki. Ya daɗe yana taunawa. Da ya haɗiye sai ya ce:

"Hannunki ya fi na uwarki nauyi. Ita takan tura ganyen can ciki ta rufe, wai don kada in gani. Tun ranar da aka fita da ita ba wanda ya miƙo mini hannu, na ɗauka an daina ne a gidan nan."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na sake yagar injera, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ka tuna yadda suke ci, Mama tana hira tana naɗawa tana miƙa masa, yana karɓa ko kallonta ba ya yi. Mu muna ganin soyayyar tsofaffi ce, har muna tsokanarsu. Ashe duk wake da ganyen da suka shiga cikin mutumin nan ta hannunta suka shiga, shi abin da ya iya kawai ya ba wasu. Da ta rasu kowannenmu ya janye hannu. Ni ina gudun in tuna masa da ita, Gwaggo tana gudun a ce ta zauna a wurin matar gida, Asmamaw kuma kunyar suruki. Mun yi ta girmama shi yana ramewa a gabanmu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yanzu ga yadda muke yi. Kwanonka ya zama mudu. A madafa nake cika shi, rabi ganye, sauran hatsi da wake, in kife a gefensa na faranti, in zagaye da injera kaɗan. Mu uku muke karɓa-karɓa, har Asmamaw, wanda da farko yake jin nauyi, yanzu kuwa ya fi kowa girman loma, wai yana biyan abin da ya ci. Baba bai daina ba mu ba, amma na kafa doka, daga gefenmu zai ɗiba. Yana ƙorafin kabewa ta yi yawa, yana kuma cinyewa. Sista Meseret ta zo a tsakiyar azumi ta auna shi. Bai ƙaru sosai ba, amma raguwar ta tsaya, raunin kuma ya fara bushewa daga gefe. Ta ce ya ci gaba, za ta dawo kafin makon ƙarshe, in ta ga abin da bai yi mata ba maganarta ta farko tana nan. Ba zan ce maka mun tsallake ba. Abin da na sani, jiya ya sa na sassauta masa ɗamararsa da rami ɗaya.

Ka tambaya me za ka ƙara aikowa. Kada ka aiko da komai, riɗi da sha'ir suna nan a kasuwa. Na dai tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya ce in gaya maka kwano ya iso lafiya, saura hannun da ya aiko shi. Ban ƙara ko kalma a kai ba, kuma ba zan matsa maka ba, na san aiki da nisa. Sai dai ka sani, kullum kafin mu tashi yakan naɗa loma ɗaya ya ajiye a bakin faranti, daidai wurin da kake zama. Har Asmamaw ba ya taɓa ta.

Ka gaishe mini da Hirut da kyau, ka ce mata na gode da man shafawar gwiwa, Gwaggo tana ta sa mata albarka. Ka shafa mini kan Liya da Natnael, ka riƙa ba su loma a baki ko da suna gudu. Gwaggo Tiruwork tana gaishe ku, Asmamaw ma haka, Kawu Dagnachew da iyalinsa sun ce kada in manta da su. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Wubalem