Fostocinka Sun Isa Ibadan

Zuwa ga taubashina Sanda,

Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To da kana raye ma, wace takardata ka taɓa kaiwa ƙarshe? Sai dai ka duba sa hannu ka cusa aljihu.

Gida lafiya. Inna tana Maiyama, ƙafar ce dai har yanzu. Ni ina nan ina koya wa ɗalibai rubuta Jihar Kebbi a bangon littafi, alhali hannuna Sakkwato yake rubutawa in na yi sakaci. Silimar da ka tsufa kana juya wa majigi a Jega an rufe ta. Buhunan gero ne ke zaune a inda muke zama.

Zancen fostocin finafinanka ne ya sa na ɗauki biro. Ranar rabon gado aka jawo su daga ƙarƙashin gadonka. Malam ya ce bai san babin da zai sa su ba. Baffa ya ce hotuna ne, a ƙona. Mai tsiren bakin tasha ya aiko a tambaya masa ko za a ba shi, don takardar tana da kauri. Sai ga saƙon 'yarka Luba daga Ibadan, cewa ba ta son komai naka sai su, domin a jikinsu ta fara haɗa baƙi, kana nuna mata da yatsa. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini haka ba?

Na bi wa'azin da ka dame mu da shi, cewa fosta ba a ninke ta, naɗe ta ake yi. Na sa farar takarda tsakanin kowace da 'yar'uwarta, ban sa jarida ba don kada tawada ta kama. Na samo guntun bututun ban ruwa wajen wani manomi a Kashin Zama, na wanke, na shanya kwana uku. Na naɗe su sako-sako cikin leda, na zura, na toshe bakunan da gwangwanin madara, na ɗiga kyandir, na ɗaure da robar tayar keke.

A Aliero na ba direban motar albasa mai zuwa kudu, Ɗanjuma. Juyawar da zan yi, sai ga mai lodi da ƙusa da guduma zai huda bututun. A wajensu duk kayan da zai yi doguwar tafiya sai ya sha iska, in ba haka ba ya ruɓe. Da kyar na fahimtar da shi cewa wannan kayan iska da ruwan kudu ne ajalinsa. Har na tafi yana kallona da tausayi.

Saura abin da na kasa faɗa maka. Fostar nan mai hoton mace da tulu a bakin kogi, wadda ka yi shekaru kana zagin ɓeraye a kanta duk zuwana gidanka, ni na ɗauke ta. Na ninke ta gida huɗu na ɓoye cikin ƙamusuna. Layin ya ratsa ta tsakiyar fuskarta. Na sa ta a cikin naɗin tare da 'yar takarda, na gaya wa Luba gaskiya, na ce in ba ta yafe ba ban ga laifinta ba.

Jiya Ɗanjuma ya dawo. Ya ce a gabansa Luba ta buɗe, ko ɗaya ba ta yage ba, ba ta jiƙe ba. Warin albasa ya cika ɗakin, idonta ya kawo ruwa, ta ce albasar ce.

Ya miƙo mini bututun, na ɗauka fanko ne. A ciki akwai amsarta. Ta ce tun tana ƙarama ka gaya mata fostar tana cikin ƙamusuna, ka gan ta ranar da ka zo aronsa. Ɗaukar ba ta dame ka ba, ninkewar ce ta yi maka ciwo. Ashe duk zagin nan, ni ne ɓeran? Kana kallon idona kana yi, ni kuma ina taya ka?

Ta maido mini da fostar, Sanda. A naɗe.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Taubashinka da ka bari da kunya,
Shehu, Maiyama